Kudu da Dutsen Meru

Sirsi, Fabrairu 1995

Zuwa ga 'yar yayata Nagaveni,

Albarka mai yawa gare ki, da mijinki Datta, da 'yar baƙuwar da ta sauka. Mu nan lafiya lau, allahiyarmu Uwa Marikamba tana riƙe da garinta. Masoro ya yi kyau bana, farashi ne dai ya kwanta kamar sa a inuwa, amma wannan ba damuwarki ba ce.

Wayar da Datta ya bugo shagona ta same ni, tunda har yau mahaifinki bai yarda a sa tarho a gidansa ba. Na rufe shago da rana tsaka, abin da ban yi ba ko ranar da aka cire mini haƙori, na hau babur na kai albishir. Mahaifiyarki ta yi kuka, ta yi dariya, ta bi maƙwabta gida gida tana raba sukari. Mahaifinki yana baranda yana duba panchangar sabuwar shekara, kalandarsa ta taurari, kafin a kai maɗaba'a. Ya ce, "Mace ko namiji?" Na ce mace. Ya ce, "To, mai gardama ta ƙaru." Ya mayar da kansa ga takarda. Amma na ga alƙalamin bai ƙara ko harafi ɗaya ba, ni kuwa da kallon hannun mai saye nake cin abinci.

Sai maganar suna. Datta ya roƙa a rubuto masa sankalpa, niyyar da zai karanta kafin ya raɗa wa yarinya suna a kunne, tunda a Chile ba ku da purohit, malamin ibada, ko ɗaya na magani. Kin san abin tun kina rarrafe. Mutum ba ya tsayawa gaban alloli haka kawai kamar wanda ya faɗo daga mota, sai ya faɗi adireshi: a rabi na biyu na rayuwar Brahma, a yininsa kaza, zamanin Manu na bakwai, farkon zamanin Kali, a tsibirin Jambu, ƙasarmu ta Bharata, kudu da dutsen Meru, sannan shekara, da yanayi, da kwanan wata, da tauraro. Ni da nake aika buhuna Bombay na san amfanin wannan. Kaya marar adireshi rabon ɗan dako ne.

Na ce wa mahaifinki, "Bhava, mijin yaya, rubuta musu mana, layi nawa ne."

Ya ce, "In rubuta ina?"

Na ce, "Inda suke."

Ya ce, "Ina suke? Subraya, kai da ka san duniya, nuna mini Chile a cikin tsibirai bakwai."

Na ce, "Sa Jambu kawai. Wa zai bincika?"

Ya dube ni kamar ya kama ni ina zuba tsakuwa a buhu. Ya ce, "Kai ke nan. Ni ban yi wa mutum ƙarya ba, balle alloli." Na haɗiye, don mijin yaya ne, kuma ya san wasu abubuwa game da ma'aunina.

Sannan ya fito da ainihin ƙayar. Ya ce, "Kuma me malamar taurari za ta yi da waƙa?"

Kin gane inda ya dosa. Ranar nan ce a zauren kwaleji, da kika zo hutu suka gayyace ki ki bayyana yadda duniya ta faro daga ɗigo ɗaya mai zafi, tana ta buɗewa har yau. Lauyan nan mai baki kamar buta ya miƙe ya ce, to lissafin mahaifinki fa, na Brahma mai gina duniya da safe ya naɗe ta da dare? Kika ce, "Wannan waƙa ce mai daɗi, ba lissafi ba." Aka tafa. Mahaifinki yana layin gaba, mutumin da gundumar nan kaf ba a ɗaura aure ko a haƙa harsashin gini sai da ranar da ya fitar, mutumin da ya koya miki rabawa da 'ya'yan tsamiya. Tun ranar bai rubuta miki ba, ke ma ba ki rubuta masa ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Ban ce ki ba da haƙuri ba, na san hajata. Na dai ce yarinya ba za ta zauna ba suna ba. Mahaifiyarki ta rantse ba wani purohit da zai rubuta takardar nan ko daga birni mai tsarki na Kashi ya zo, don gari zai ce Mabla Bhat ya sa wa 'ya'yan kowa rana ya kasa sa wa jikarsa. Rubuto mini yadda garinku yake. Dillali ba ya sayar da abin da bai gani ba.

Kawunki mai sa miki albarka,
Subraya Hegde

La Serena, Maris 1995

Kawu,

Na taɓa ƙafafunka daga nesa. Ka gaya wa Amma, mahaifiyata, na taɓa nata.

Yarinya lafiya. Tana ci kamar kai, in ta buɗe murya kuma sai ka ce ana gwanjon masoro. A takardar asibiti mun rubuta wani suna don magatakarda ya sake mu, amma ba mai kiranta da shi. Datta yana ce mata Wance. Ya sayi faranti da shinkafar da zai rubuta sunan a ciki, kowace Lahadi sai ya goge zoben da zai yi rubutun da shi ya mayar a akwati.

Ka ce in faɗi yadda garin yake. Teku a gabanmu ta yamma, duwatsu a baya, a kan ɗayansu madubin hangen taurari da nake aiki da shi yake. Komai a juye yake, Kawu. Lokacin da ku za ku fara gumi, mu muke ciro barguna. Da tsakar rana, rana a arewa take tsayawa. Dhruva kuma, tauraron nan marar motsi da Appa, mahaifina, ya nuna mana ni da Datta ranar aurenmu, ba ya fitowa a nan ko sau ɗaya. Yana ƙarƙashin ƙafafunmu.

Abin da na faɗa a kwaleji ban janye shi ba. Tarin taurari suna nesanta da juna, na auna da hannuna. Ragowar zafin farko yana nan, na'ura tana jin sa ta kowace kusurwa. Shekarun Brahma kuwa wa ya auna su, da me?

Amma ga wata magana, kai kaɗai. Bana awonmu yana ba mu kunya. In muka bi saurin buɗewar duniya, shekarunta ba su fi biliyan goma ba. In muka bi tsofaffin taurari, sun kai biliyan goma sha biyar. 'Ya'ya sun girmi uwarsu ke nan. Akwai kuskure a wani wuri, kuma farautarsa shi ne aikin da na fi so a duniya. Mu in lissafi ya ƙi, muna faɗa a bainar jama'a. Kada dai ka gaya wa Appa.

Ba zan roƙe shi ba. Jikarsa ce, ba ni na ɗora masa ita ba.

'Yarka,
Nagaveni

Sirsi, Maris 1995

Zuwa ga Bhava Mabla Bhat, a masaukin baƙi na Gokarna,

Na taɓa ƙafafunka masu albarka. Ina fata iskar teku ta karɓe ka, kuma masu gayyar ibadar suna ciyar da kai yadda ya dace, don na san mutanen bakin teku, kwakwa ce safe, kwakwa ce rana. Yaya tana lafiya. Saniya ta haihu, ɗan maraƙi, shi dai har an sa masa suna.

Wasiƙa ta zo daga Chile. Ban so in ɗaga maka hankali kana cikin ibada ba, amma abin ya tsaya mini a wuya. Yarinyar nan ta ce in daina matsa maka, wai ba laifinka ba ne. Wai littattafanku a tsibirin Lanka suka ƙare, duk abin da ke kudu da nan tsofaffinmu ba su san da shi ba. Wai a can Dhruva ba ya fitowa, rana tana tsayawa a arewa, sanyi yana zuwa lokacin zafinmu, to ina mai panchanga zai kama? Ta ce in bar tsoho ya huta.

Ni ban yarda ba. Amma ni wa? Ɗan kasuwa ne da ya tsaya a aji tara. Na dai ji ciwo, don jiya a wurin gwanjo Shambhu Joshi, wannan da ke buga kalandarsa mai hoton siminti a baya, ya tambaye ni wai gaskiya ne jikar Mabla Bhat tana nan ba suna? Ya ce shi in an roƙe shi zai taimaka. Na ce masa masoro nake sayarwa yau.

Akwai kuma abin da ta ce kada in gaya maka, don haka karanta da ido ɗaya. Su ma nasu lissafin ya rikice. Ta wata hanya duniya shekara biliyan goma, ta wata hanya taurarin cikinta sha biyar. Ita da bakinta ta ce 'ya'ya sun girmi uwa.

Ni a ganina ma rigimar ba ta kai ta kawo ba. Kai ka ce yinin Brahma shekara biliyan huɗu ne da 'yan kai. Ita a kwaleji ta ce ƙasar nan da muke takawa biliyan huɗu da rabi. Bhava, a kasuwa irin wannan tazarar kofin shayi ɗaya ke rufe ta.

Ƙaninka mai biyayya,
Subraya

Gokarna, Maris 1995

Subraya,

Albarka. Lissafi ba ciniki ba ne, kada ka sake raba mini tazara.

Littattafanmu ba su ƙare a Lanka ba. Tun kafin kakannin malamanta su koyi ƙirga yatsu, namu sun rubuta cewa ƙasa dunƙulalliya ce, tana tsaye a sarari ba abin da ya tokare ta. Meru a ƙarshenta na arewa, ƙarƙashin Dhruva. A ɗaya ƙarshen mazaunin asura, abokan gaban alloli, kuma yinin waɗannan shi ne daren waɗancan. Ban yi mamaki ba da 'yar yayarka ta zaɓi wancan ɓangaren.

Zancen 'ya'ya da uwa, mu ba mu da wannan ciwon. Duniyarmu ba sau ɗaya aka yi ta ba, kuma in daren Brahma ya yi, ba komai ke narkewa ba. Wanda ya ce jiya babu, dole tsoho ya ba shi mamaki.

Zan iya fitar da ranar. Sai dai ina bukatar nisan garinta daga layin Ujjain inda muke fara awo, da lokacin fitowar rana a can, da sa'ar da aka haifi yarinyar. Ba zan tambaya ba. Shambhu Joshi kuma ya ci gaba da tallan siminti.

Mabla Bhat

Sirsi, Afrilu 1995

Nagaveni,

Albarka gare ku ku uku. Zan taƙaita, motar Hubli tana jiran buhuna.

Na yi iya yina, 'yata, ciniki ya ƙi. Mahaifinki ya ce ko ya so rubutawa ba zai yiwu ba, don ba wanda zai ba shi abin da yake bukata. Na ce ai ga 'yarka da madubi kamar rijiya. Ya yi dariya. Ya ce na'urarki irin tsohuwar nan ce mai hango gobarar wani gari alhali zanenta yana ci. Wai kina ƙirga shekarun duniya, amma ba za ki iya faɗin nisan gidanki daga layin Ujjain ba, balle inda wata zai tsaya a kan rufinki kowace fitowar rana cikin watan Jyeshtha. Ya ce ko sa'ar da kika haihu yana shakkar kin riƙe daidai.

Wataƙila gaskiyarsa ce, ban san aikinku ba. Kada ki sa abin a rai.

Kawunki,
Subraya

La Serena, Afrilu 1995

Appa,

Na taɓa ƙafafunka.

Kawu ya isar mini da abin da ka ce game da na'urata da zanen tsohuwa. Ga amsa a haɗe, shafi uku.

Shafi na farko, inda gidana yake. Na auna daga layin Ujjain kamar yadda kake yi, ba daga garin Turawa ba. Rana tana isowa nan bayan ta bar Ujjain da awa tara da minti arba'in da takwas. Sa'ar haihuwar tana ƙasa, da agogonmu da naku. Na riƙe ta daidai. Ina wurin.

Shafi na biyu, fitowar rana da mazaunin wata a kan rufina, kowace safiya ta Jyeshtha. Na uku, irin wannan lissafin amma na Sirsi, don ka gwada da naka ka ga ko na'urar makauniya ce. Na'ura ta fitar, ni kuma na sake bin kwana biyar da hannu, ta hanyar da ka koya mini.

Ban ce ka taɓa shekarun Brahma ba. Ban yarda da su a matsayin awo ba, kai ma ka sani, kuma Datta ne zai karanta, ni ina gefe da yarinya a cinya. Abu ɗaya nake so. Littafi zai ce Jyeshtha lokacin zafi ne. A nan ranar za mu naɗe ta cikin ulu har kunne. Kada maganar farko da za a yi a kanta gaban alloli ta zama abin da taga take ƙaryatawa. Kai ka ce mini in takarda da sama suka saɓa, a sake duba takarda.

Tana da goshinka. In ta ɓata rai Datta yana miƙewa tsaye.

'Yarka,
Nagaveni

Sirsi, Mayu 1995

Nagaveni,

Albarka. Kawunki yana raye, amma da ƙyar.

Ke ma ba ki da kirki. Wa ya ce ki sa sunana a layin farko? Ina zaune a barandarku ina cin 'ya'yan itacen jackfruit na bayan gida da mahaifiyarki ta ɓare mini, mai kawo wasiƙu ya miƙo ambulan mai tambarin Chile, kuma ba sunana a kai ba. Mahaifinki ya goge hannu, ya buɗe, ya karanta. Ya sake karantawa. Sannan ya cire tabarau.

Ya ce, "Subraya, wace tsohuwa ce zanenta ke ci?"

Na ce, "Bhava, karin magana ne."

Ya ce, "Na wa?"

Na ce, "Na jama'a."

Ya ce, "Yaushe na ce na'urarta makauniya ce?"

Na ce, "Ba ka faɗa da baki ba, amma na gani a fuskarka."

Ya mayar da tabarau. Can ya ce, "To zancen Lanka fa? Ita ta ce littattafaina sun ƙare a Lanka?"

Na ce, "Tana dab da faɗa."

Mahaifiyarki tana bakin ƙofa, ta toshe baki da gefen sari, tana ɓoye dariya. Ya juya ya ce, "Gange, da ke aka haɗa?" Ta ce, "Ni? Ƙanina ne dai, tun yana yaro yake sayar wa mutum akuyarsa." Ya kira ni maƙaryaci, ɗan tsakuwa a buhu, da wata kalma ta harshen Sanskrit da ban sani ba amma na ji nauyinta. Ni dai ban tashi ba, don na lura duk faɗan nan bai ajiye shafukanki ba. Mai sayen da ke zagin kaya yana riƙe da su ya riga ya saya.

Washegari ya baje naki na Sirsi kusa da nasa, yana bi da yatsa. A wasu kwanakin kun saɓa da 'yan mintoci. Ya ce, "Ba laifi. Ta kusa." Ban tambayi wa ya kusa da wa ba, ina son sauran haƙorana. Da ya zo kan kwana biyar ɗin da kika yi da hannu, ya daɗe a wurin. Ya ce wa mahaifiyarki, "Har yanzu bakwai ɗinta kamar ƙugiya." Sai ya tashi ya shiga ciki, wai hayaƙin murhu ya dame shi. Ba a hura wuta ba.

Saura rigimar yanayi. Shambhu Joshi ya ji labari, ya zo da laimarsa ba a gayyace shi ba. Ya ce yanayi na littafi ne, Jyeshtha zafi ne ko a ƙarƙashin teku, kuma masu zuwa Amurka tsibirin Krauncha ake rubuta musu, a sa haka a huta. Mahaifinki ya sa aka rufe tagogin ɗaki da rana tsaka, ya ba mahaifiyarki fitilar ibada ta riƙe a tsakiya, ya soke lemo da tsinke ya karkata shi, ya dinga zagaya ta a hankali yana kallon inda haske ke faɗuwa. Mutum mai shekara saba'in, yana zagaya matarsa da lemo. Ta ce, "Ranar aure ma wuta ka zagaya, ba ni ba." Shambhu ya ce wannan wasan yara ne. Mahaifinki ya ce, "Riƙe mini laimarka da bakinka, kana tare mini rana."

Abin da ya yanke ban sani ba. Ya ba ni ambulan a liƙe ya ce in haɗa da tawa, tunda ni na saba kai magana. Ban buɗe ba. Na ɗaga shi a rana, takardar mai kauri ce.

Ba na neman godiya. In dai an tashi ba yarinyar labari, a gaya mata tana da kaka dillali wanda ya haɗa Brahma da madubin Chile a ciniki ɗaya, bai ci ko sisi ba.

Kawunki,
Subraya Hegde

Sirsi, Mayu 1995

Nagaveni,

Albarka gare ki, da Datta, da yarinya.

Ranar ita ce Alhamis, goma ga farin watan Jyeshtha, bayan fitowar ranarku. Tauraronta Swati, sunan zai fara da Re. Sauran ku ƙarasa. Sankalpa tana bayan wannan takarda, Datta ya karanta a hankali, yana haɗiye ƙarshen kalmomi.

Yanayi na rubuta sanyi.

Shekarun Brahma na bar su yadda mahaifina ya bar mini. In kun gama naku awon, ki aiko in gani.

Wuri ne ya ba ni wahala. Bharata ba zan sa ba, ba can kuke ba. Krauncha ba wanda ya je ya dawo ya gaya mini. Kudu da Meru gaskiya ne a ko'ina, na bar shi. Bayansa na rubuta: a gabashin babban teku, a garin da 'yata take zaune.

Alloli sun san ni. Za su gane gidan.

Mahaifinki,
Mabla Bhat